Kafin Ka Aika Gidan Kawunka

Batsari, ranar Laraba da la'asar

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uwa, da fatan takardar nan ta same ka ka riga ka sauka Kano lafiya, ka huta gajiyar mota. Allah Ya fitar da kai daga hanyar nan tamu ta Katsina lami lafiya, Ya tsare ka daga mugun ji da mugun gani, Ya sa mai shagon kayan wutar sola da za ka zauna a hannunsa ya zama mai tausayi, Ya sa wa sana'ar albarka. Babanku na gaishe ka. Ƙanwarka Asiya ta ce in gaya maka ta nemi cajarta ta rasa, kuma ta san wanda ya ɗauka.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a ƙarƙashin ƙullin yajin da na sa maka a jaka, alhali yanzu haka ina jiyo ka a tsakar gida kana wanke takalmi. Akwai maganar da bakin uwa ke yi wa nauyi a gaban ɗanta namiji. Na gwada jiya da ka shigo gaishe ni, sai na ƙare da tambayarka ko ka ɗauki bargo. A waya kuma na san halinka, kafin in kai tsakiya za ka fara "To Inna, to Inna." Shekarun da na yi ina koyarwa a firamare sun bar mani ɗabi'a guda: in abu ya dame ni, sai na rubuta shi nake ganin kansa da gindinsa.

Maganar Zulai ce, ɗiyar kawunka Haruna.

Kwantar da hankalinka, ba wanda ya kawo mani tsegumi. Tun da zaman ƙauyenmu Yasore ya gagara saboda 'yan bindiga, kawunka ya kwaso iyalinsa suka cika mana ɗakunan baya, nake kallon ikon Allah. Yaron da ba ya ɗebo mani ruwa sai da faɗa, shi ne yanzu ke cika randunan gidan nan ba a tambaye shi ba, kuma kullum randar ɓangarensu ake fara cikawa. Tsokanar taubasantaka da kuke yi ta mutu, kuka koma gaisuwa kamar baƙi. Da na ga haka na ce to, an zo wurin. Har yau ina son in ji ranar da abin ya fara da wanda ya fara, amma wannan sai wani lokaci.

Ina son yarinyar nan, ɗiyar ƙanena ce, a gabana ta zama mutum. Sai dai kafin a kai goro akwai maganar jini. Ba wa'azi zan yi maka ba. Zan nuna maka wuraren da na yi tuntuɓe ne, ka ga inda za ka ɗaga ƙafa.

Ni da babanku ma taubasai ne, ka sani. Mahaifina da kakarka Ajuji, mahaifiyar babanku, uwa ɗaya uba ɗaya suke. Da aka ɗauko ni daga Yasore aka kai ni Babban Duhu, ƙauyen su babanku, ba wanda ya san wani abu wai gwajin aure. Abin da ake bincike shi ne asali da hali da ko akwai hauka ko kuturta a dangi. Mu kuwa dangi ɗaya ne, me za a bincika? Ni ƙatuwa, nakan yi surfen gero in ɗora da daka ban zauna ba. Babanku yana malamin gona a Safana, yana wuni bisa babur ƙauye-ƙauye, ko ciwon kai ban cika jin ya yi ba.

Yayarka ta zo lafiya. Sai Sadiƙu, wanda ba ka sani ba sai a hoto. Bai kai yaye ba hannuwansa da ƙafafunsa suka fara kumbura, ya yi ta kuka ba ya bari a taɓa shi. Wannan ta ce sanyi ne, waccan ta ce shawara ce tunda idonsa ya yi ɗorawa, wata ta ce an yi mashi baki. Na ba shi sassaƙe, na yi mashi hayaƙi, na riƙe shi da hannuna wanzami ya yi mashi tsaga. Ya samu sauƙi, ciwon ya dawo, ya samu sauƙi, ciwon ya dawo.

Abin da ke ba ni mamaki da kaina shi ne, tun ina yarinya ake ce mani sarkin tambaya. Ni ce mai tambayar me ya sa wata ke bin mutum in yana tafiya, har aka taɓa korata daga ɗakin kaka saboda surutu. Amma ga ciwo a jikin ɗana yana zuwa yana komawa, ban taɓa tsayawa na ce me ya sa ba. Wata ma'aikaciyar jinya a asibitin Safana ta ce mani, "Malama, ku kai yaron nan Katsina a duba jininsa." Na ce to, na bari sai an gama aikin damina, aka gama na bari sai an yi hutun makaranta. Ina jin tsoron amsar nake yi. Don haka abu na farko, Abba: ranar da ka ji gabanka na faɗuwa da wata tambaya, ita ce ta fi cancanta ka yi.

Da muka kai shi, aka ɗebi jininsa, aka ce sikila ce, amosanin jini. Ban taɓa jin sunan ba. Sai halina ya motsa, na bi mai gwajin har ƙofar ɗakinsa na ce, "Malam, don Allah mene ne kuka gani a cikin jinin? Ni dai ja nake ganinsa kamar na kowa." Ya yi dariya ya ce in shigo. Ya sa ni na kanne ido ɗaya na leƙa madubin likita. Wallahi Abba, duk da halin da nake ciki, sai da na ce Allahu Akbar. Ashe ɗigon jini gari ne guda. Ga wasu ƙwayoyi kewayayyu kamar waina, ga wasu a lanƙwashe kamar lauje. Ya ce kewayayyun sukan wuce ta ƙananan hanyoyin jini sumul, masu kama da lauje kuwa sai su sarƙe da juna su toshe hanya, kamar shanu sun cunkushe a burtali. Inda suka toshe, nan ciwon yake. A ranar na gane abin da ɗana ke yi wa kuka, na kuma tuna da askar wanzami.

Kafin mu je Katsina, dangin babanku sun riga sun yanke cewa ciwon daga wajenmu na Yasore ya fito, ni ma na karɓa na haɗiye. To sai likita ya ce mu ma iyayen a gwada mu. Babanku ya ce shi lafiyarsa lau, likita ya ce ya sani, a dai gwada. Aka ce ni AS, shi ma AS. Likita ya bayyana mana cewa kowane mutum gado biyu yake ɗauke da shi, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Mai AA bai ɗauko komai ba. Mai AS ya ɗauko rabi, kuma zai iya tsufa bai sani ba. Mai SS ya haɗa rabin uwa da rabin uba, shi ne mai ciwon. A mota babanku yana rungume da yaron. Sai da muka hango Batsari ya ce a hankali, "Ashe tare muka ba shi." Daga ranar bai ƙara barin kowa ya ambaci Yasore a kan maganar ba.

Ka ga dai ƙarfin jiki ba shaida ba ne. Kai ma da kake ɗaukar buhun masara kana yi wa sa'o'inka dariya, ba ka fi ni ƙarfi ba lokacin da nake kamarka.

Tuntuɓe na biyu, da kunne muka yi shi. Likita ya ce in AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da ciwon. Mu kuma abin da muka ji shi ne ɗa ɗaya cikin 'ya'ya huɗu. Babanku, mutumin lissafin taki da iri, ya ce, "To ai shi ke nan. Babbar ta tsira, Sadiƙu ya ɗauka, biyu masu zuwa lafiya za su zo." Na ji daɗin lissafin nan, don haka ban bincike shi ba. Sai ga ka, ƙato, ko mura ba ta kama ka sosai. Muka ce ka gani. Kana rarrafe Allah Ya karɓi Sadiƙu, cikin wata damina mai sanyi. Bayanka aka haifi Asiya, muna zaune hankali kwance, ran nan ina yi mata wanka na ga yatsunta sun yi suntum.

Na koma Katsina da fushina. Wata likita mace na samu, na ce mata ai mun riga mun ba da namu ɗayan, ya aka yi haka? Ta dube ni da tausayi ta ce, "Malama, ciki bai san abin da ya samu na gabansa ba. Kowanne sabon rabo ne."

Ban gane ba sai da na dawo gida. Na ɗauko kwano biyu, ɗaya ni ɗaya babanku, na sa farin wake da jan wake ƙwaya ɗai-ɗai a kowanne, jan a matsayin rabin ciwon. In rufe ido in ɗauko ɗaya nan ɗaya can, in duba, in mayar, in sake. Wani lokaci in daɗe ja da ja ba su haɗu ba, wani lokaci su haɗu a jere. Na shagala har miya ta kama. Babanku ya dawo daga aiki ya tarar da ni, ya tsaya yana kallo, can ya tsuguna ya ce in ba shi ya gwada. Ɗaukarsa ta farko ja da ja, ta biyu ma haka. Ya ajiye waken ya shiga ɗaki.

Saboda haka in likita ya yi maka bayani, kada ka gyaɗa kai don kunya. Ka maimaita mashi da Hausarka, ka ce haka kake nufi? In ka fahimce shi a karkace, a nan zai kama ka. Kuma ka yi hattara da duk lissafin da ya yi maka daɗi da yawa.

Bayan wannan sai tambaya ta hana ni sakat: daga ina abin ya shigo mana? Ban taɓa tambayar dalilin sunan kakarka ba, sai wata ziyara da muka kai Babban Duhu, lokacin ana zuwa ana dawowa ba fargaba. Na same ta tana kaɗi a inuwar ɗaki, na ce, "Gwaggo, wai me ya sa ake ce maki Ajuji?"

Ta ce, "Ke ɗiyar nan, har yau ba ki bar tambaya ba? Wabi uwarmu ta yi. Waɗanda anka binne gabana sun fi waɗanda sunka rayu. Da anka haife ni sai anka kai ni bisa juji anka aje, wai mutuwa ta ɗauka shara ce ta wuce."

Na ce, "Wane irin ciwo suke yi?"

Ta ce, "Yo ni ina na gani? Ta dai ce ido shi yi ɗorawa, ciki shi kumbura, yaro shi yi ta kuka a rasa inda ke mai ciwo."

Ba zan rantse cewa sikila ce ta kwashe su ba, a zamanin nan ƙyanda da zazzaɓi ma sun ci yara. Amma na zauna na yi mata bayanin laujen da na gani. Ta saurara har na gama, ta ajiye mazarinta ta ce, "To in a jini yake, wa ya zuba shi tun farko?" Ka ga inda aka kayar da malamar makaranta. Har ta rasu ban samo mata amsa ba. Daga baya na ji a rediyo wai mai AS ya fi jure zazzaɓin cizon sauro, wai shi ya sa abin ya yi yawa a ƙasashenmu. In haka ne, ashe abu ɗaya ne rabinsa garkuwa, cikakkensa ciwo. Ikon Allah ya wuce tunani. In ka samu likita mai sakin fuska a Kano, ka tambayar mani gaskiyar wannan, ina so in sani kafin in mutu.

Tuntuɓe na uku shi ne wanda ya fi yi mani ciwo, don ba jahilci ya jawo shi ba, na riga na san komai. Tun a kan Sadiƙu likita ya ce a kawo sauran yaran a gwada. Muka ga me za a kai lafiyayye asibiti, ga nisa. Haka yayarka ta girma ba mu san nata ba. Kana makarantar kwana lokacin da wani malamin sakandare, mutumin Dutsin-ma, ya fito neman aurenta. Bare ne, ko kusa ba mu haɗa dangi ba, sai na saki jiki, na ɗauka a auren zumunci kaɗai haɗarin yake. Aka kai gaisuwa, aka sa rana, aka kawo lefe, ƙawaye suka ɗinka anko. Ana saura kwanaki kaɗan wani baffansa ya ce a je a yi gwaji, don limaminsu ba ya ɗaura aure sai da shi. Suka tafi suna raha. Ita AS, shi AS.

Babanku ya ce ba zai ɗaura ba, ya ce ya binne ɗaya, yana jinyar ɗaya, ba zai miƙa wa ɗiyarsa wannan da hannunsa ba. Dattawa suka zo suka ce ana jayayya da ƙaddara ne? Ya ce masu, "Ku da kanku kuna zaɓen iri kafin ku shuka, sannan ku jira ruwa daga Allah. Wa ya taɓa ce maku kun yi jayayya da ƙaddara?" Aka mayar da lefe. Yayarka ta kwanta ta juya wa duniya baya, ko kunu sai da lallashi.

Nan ne bakina ya ƙara wa wuta mai. Mata suka yi ta shigowa jaje, kowa na son jin dalili. Kunya da gajiya suka sa na riƙa cewa, "Gwaji ne bai yi ba," in yi shiru. Na zaci na rufa asiri. Magana zarar bunu, kafin kasuwa ta zagayo gari ya ɗauka ƙanjamau aka samu, wasu su ce ita, wasu su ce shi. Masu sayen dambun da take yi suka ɗauke ƙafa. Wata maƙwabciya ta zo da kofinta a zani don kada ta sha a namu. Shi kuwa bawan Allah sai da ya nemi canjin wurin aiki. Ni da nake tsayawa gaban allo ina yi wa yara bayani har su gane, na kasa yi wa mata 'yan'uwana bayanin abin da na fi kowa sani a unguwar. Ta daɗe kafin wani ya sake sallama a ƙofar gidan nan. Alhamdu lillahi yanzu ga ta a Funtuwa da mijinta mai AA da 'ya'yanta lafiyayyu, amma har yau ba ta zuwa bikin kowa a garin nan da daɗin rai.

Tun ran gini ran zane, Abba. Gwajin nan da an yi shi kafin manya su shiga, da mutum biyu ne kawai za su yi kukansu su share hawaye. Kuma sakamakon wani amana ne a hannunka, ba a kai shi majalisa ko teburin mai shayi. In ya zama dole a yi wa mutane bayani, a yi shi cikakke da yardar mai shi, don rabin magana ya fi shiru ɓarna.

Bayan wannan ya kamata in kama hannunka in kai ka a gwada. Na ce sai ka gama sakandare. Ka gama, sai duniya ta rikice, gona ta gagara zuwa, gida ya cika da 'yan gudun hijira, muka koma lissafin abin da za a ɗora a murhu. Ga shi za ka bar gida ban san me na ba ka ba.

Akwai abin da ba ka gani ba, don kana kwaleji a lokacin, an dai ce maka Asiya ta yi rashin lafiya ta warke. Shekarar da aka katse layukan waya aka hana hawan babur ce. Ruwa ya doke ta a hanyar Islamiyya, washegari ciwon ya tashi, irin tashin da ban taɓa gani ba. A asibitin nan aka ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, sai Katsina. Ba waya balle a kira mai mota. Kawunka ya taka har tasha, direbobi suka ce rana ta yi sanyi, ba mai shiga hanyar nan sai gobe, ko nawa za a ba shi. Muka zauna muna kallonta tana cizon zani tana kiran sunan Allah. Zulai ce ta riƙa dafa ruwa tana gasa mata ƙafafu da tawul, ba wanda ya sa ta. Can ta ɗago ta ce mani, "Gwaggo, wai mene ne ke cizonta a cikin ƙashi?" Na yi mata bayani, ta ƙara wata tambayar, na amsa, ta ƙara wata. Na ce a raina, wannan jinina ce ba shakka. Allah Ya yi da sauran kwana, gari ya waye muka samu mota. Amma ka sa a ranka, ciwon da ya wahalar da mu lokacin da hanya ke lafiya kuma albashi ke kai wata, yanzu ya ninka. Ka ga yadda fanshon babanku ke narkewa a kantin magani.

Kwanan baya ina yi wa Asiya kitso, ba zato ta ce, "Inna, da kin san jininku tun farko, da kin auri Baba?" Hannuna ya tsaya a kanta. In na ce a'a, kamar na ce ban so zuwanta duniya ba. In na ce e, kamar na ce wahalarta ba komai ba ce. Na ce mata ban taɓa nadamar zama da babanku ba, kuma ba zan musanya ta da 'ya'yan duniya ba. Ta yi dariya ta ce, "Inna kin kauce. Ni dai da ni ce ke, da ban aure shi ba. Da ban zo ba ai ban san na rasa komai ba, ke ma da ba ki san ni ba balle ki yi kewata." Ta faɗe shi kamar mai labarin kasuwa, ta ce in ci gaba da kitson kada ya kwance. Ni ce na kasa ganin tsagar.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro.

Watan jiya Zulai ta raka Asiya ganin likita a Katsina. Ashe da suka je ta miƙa nata hannun aka ɗebi jini, ba ta gaya wa kowa ba, har uwarta. Shekaranjiya ina tsintar shinkafa ta zo ta zauna kusa da ni, ta sa hannu tana taya ni. Can ta ce, "Gwaggo, na yi gwajin nan. AS ce ni."

Na ce, "Shi ya sani?"

Ta girgiza kai. Ta ce, "Ke za ki gaya mashi, amma sai ya tafi. In na gaya mashi da bakina zai ce ba komai. Ni kuma in na ji ya ce ba komai, yarda zan yi."

Da izininta ke nan nake rubuta maka, kuma daga ni sai kai sai ita. Yanzu magana ta rage a hannunka, a cikin jijiyarka. Tunda ba ka da ciwon, ko dai AA ne kai ko AS. Ba zan ɓoye maka ba, ga ɗan da ya fito tsakanina da babanku, lissafi ya fi karkata ga AS. Amma ba lissafi ne ya halicce ka ba.

In ka natsu da wurin aiki, ka nemi asibitin gwamnati ko wani wurin da aka yarda da shi. Ka tsaya a ɗebi jinin a gabanka. An ce akwai masu rubuta wa mutum takarda yadda yake so ba tare da allura ta taɓa shi ba, kada ka kusance su, wanda ya sayi irin wannan 'ya'yansa ya cuta. In sakamako ya fito, ka sake a wani wurin dabam, don ɗan Adam ne ke aikin, yana iya kuskure. Tunda ka je, ka haɗa da na ciwon hanta da na ƙanjamau. Ba zarginka nake ba, na hanta ana iya ɗaukarsa tun a goyo ko a askar wanzami, kuma duka biyun in an gano da wuri akwai abin yi. Ka kuma tambaye su, don ni ma ina so in ji, shin gaskiya ne yanzu ana iya gane sikila a jikin jariri tun bai yi arba'in ba?

In AA ne, ka kira ni, ni da kaina zan sa babanku ya tashi baffanninka, ko ana tsakiyar tsadar nan za a kai goro ɗakunan baya. In kuwa AS ne, ba zan yi maka baki ba, ba zan ce ka zaɓa tsakanina da ita ba, kai ba yaro ba ne. Amma tunda ni na ga abin da idona, shawarata ku haƙura. Zai yi zafi. Na ga yayarka a kwance, na kuma ga Sadiƙu a kwance, ita ta tashi.

Zulai ta ce kada ka kira ta sai ka karɓo sakamakon. Ta ce in tabbatar maka ba fushi take ba.

Ka riƙe salla a kan lokacinta, ka ci abinci ko ba daɗi, kada ka hau rufin mutane da waya a hannu hankalinka yana Batsari. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kare ka daga sharrin mutum da na ƙarfe da na wuta, Ya zaunar mana da ƙasarmu lafiya har kawunka ya koma gonarsa. Allah Ya zaɓa maku abin da ya fi alheri kai da ita, Ya kuma ba ku zuciyar ɗaukarsa. In ya fito AS, daga gare ni ne ko daga babanku, ka yafe mana, ba mu san muna ɗauke da shi ba lokacin da muka ba ka.

Wassalamu alaikum.

Mahaifiyarka.